Garmar dusar ƙanƙara: watanni bakwai tsakanin winci da sandar hannu

Asabar, 16 ga Oktoba 2021

Yau kwad ya iso gida. Haka mutanen nan suke kiran babur mai ƙafa huɗu, ni ma bakina ya riga ya saba. Na same shi a Kijiji, wani shafin intanet na saye da sayarwa, na hannu ne, ƙirar 2012, injinsa 450cc, kuma duka ƙafafun huɗu suna ja. Mai shi ya haɗa mini da garmar ture dusar ƙanƙara mai faɗin inci 54, da sandar ɗaga ta da hannu, da wani winci, wato na'urar lantarki mai naɗe igiya ta ja kaya, a cikin kwali da ya ce ya kwance tun shekara biyu da suka wuce.

A watan Yuni muka baro cikin Winnipeg, babban birnin lardin Manitoba a Kanada, muka koma wani fili kudu maso gabas da birnin, ta wajen Lorette. Daga bakin gareji zuwa titin hukuma na auna da tef, mita 115 ne, duk tsakuwa. A birni shebur ya ishe ni, amma nan ba maganar shebur ake yi ba. Uwargida tana aiki a gidan kula da tsofaffi, tana fita shida saura kwata na asuba. Tsofaffin nan suna jiran wanda zai tashe su, ya yi musu wanka, ya ba su magani, ko sama ta zubo ko ba ta zubo ba. Ni kuma aikina na masana'antar sarrafa abinci ne, mako biyu rana, mako biyu dare. Saboda haka abin da nake nema guda ɗaya ne: kafin biyar da rabi hanyar nan ta buɗe.

Zan riƙa rubuta abin da na yi da abin da ya biyo baya, don kada baɗi in sake fara lissafi daga farko.

Asabar, 23 ga Oktoba

Ni da babban ɗana muka wuni a gareji. Da farko mun ɗaura farantin ƙarfe a ƙarƙashin cikin kwad, wajen tsakiya. A jikinsa bututun ƙarfe biyu suke maƙalewa da fil, su miƙe gaba har su wuce ƙafafun gaba, a can garmar take zaune. Ta haka idan garma ta daki tudu, jikin kwad ne yake ɗaukar bugun, ba hancinsa ba. A bayan garmar akwai sifirin biyu. Idan bakinta ya ci karo da dutse sai ta kifa gaba ta tsallake, sifirin ya dawo da ita.

Na zaɓi in fara da sandar hannu. Ba ta son batir, ba ta da waya, ba abin da zai ƙone a jikinta. Doguwar sanda ce a gefen hagu, don babban yatsan dama yana kan totur. Ka jawo ta baya garma ta tashi, ka saka ta a wani tsagi ta zauna. Ka cire ta daga tsagin garma ta faɗi ƙasa. Na gwada sau goma a kan simintin gareji. Akwai nauyi, garmar da bututanta sun kusa kilo 50, amma tsawon sandar yana rage wa mutum. Yaron ma ya ɗaga da hannu biyu.

Asabar, 6 ga Nuwamba

Dattijon maƙwabcinmu, manomi ne da aka haifa a wannan yankin, ya tsaya da motarsa ya duba aikin. Bai ce komai a kan sandar ba. Takalman garmar ya duƙa ya kalla, wato wasu fayafayan ƙarfe biyu da take tafiya a kansu. Ya ce in ƙara washa in ɗaga bakin garmar kamar kaurin yatsa daga ƙasa, in ba haka ba duk tsakuwar da na saya zan kwashe ta in zuba cikin ciyawa. Ya ce zubowar farko a bar ɗan abin da zai danne ya daskare, shi ne zai zama daɓen da za a yi aiki a kansa har ƙarshen hunturu.

Ya kuma ce in kafa sanduna masu kyalli a gefen hanya da bakin kwalbati tun ƙasa ba ta daskare ba, don idan fari ya rufe ko'ina ba a gane inda hanya ta ƙare rami ya fara. Na kafa 16. Magana ta uku ita ce ya fi nanatawa: tun daga ranar farko in riƙa tura dusar can nesa da bakin hanya, kamar taku uku, domin tudun da aka tara a Nuwamba ba ya motsi sai Afrilu.

Juma'a, 12 ga Nuwamba

Ta fara zuba tun Laraba, ta wuni jiya tana yi, da iska. Jiyan ranar hutu ce a nan Manitoba, ranar tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi, don haka ina gida. Na yi aiki sau uku: jiya da hantsi, jiya da daddare, sai yau ƙarfe huɗu da rabi.

Abin da na gani game da sandar hannu ya kasu biyu. Tana da sauri ƙwarai. Ina isa ƙarshen layi na ja, garma ta tashi nan take, na koma da baya, na sake ta ta faɗi. Kuma hannuna yana jin ƙasa ta cikin sandar. Idan bakin garma ya fara cin tsakuwa nakan ji kafin in gani. Wannan ya burge ni.

Amma dusar farkon hunturu jiƙaƙƙiya ce, tana manne wa ƙarfe kamar kwaɓaɓɓen yumɓu. Bayan layi huɗu ko biyar sai nauyin garmar ya ninka. A zagayen daren jiya na ƙirga ɗagawa 74, mafi yawa a filin gaban gareji inda ake gaba-gaba, baya-baya. Kowace ɗagawa kuma sai na saki kan kwad da hannun hagu na karkata jiki. Da asubar yau kafaɗata ta riƙe, da ƙyar na ɗaga hannu wajen kabbarar sallah. Duk da haka uwargida ta fita a kan lokaci, na tsaya bakin titi ina kallon jan fitilar motarta har ta ɓace.

Lahadi, 14 ga Nuwamba

Bayan la'asar uwargida ta saka hular kwano ta ce in koya mata. Tuƙin bai ba ta wuya ba, cikin minti goma ta gane giyar ƙarfi da ta baya. Da aka zo ɗaga garma ta ja sandar, ta taso rabi, ta kasa kai ta tsagi. Ta miƙe tsaye ta ja da hannu biyu, ta shiga. Ta sauko ta ce, "Abban yara, ranar da kake aikin dare fa? In tsaya ina kokawa da wannan sau saba'in, sannan in je in ɗaga tsofaffi?"

Ban da amsa. Na zaɓi sandar ne ina auna ƙarfin hannuna kaɗai, alhali rabin asubahin hunturun nan ba na gida. Na shiga gareji na sauko da kwalin winci.

Lahadi, 21 ga Nuwamba

Kwana biyu aikin ya ci. Wincin na laba 2,500 ne, wato yana jan sama da kilo 1,100, da igiyar ƙarfe mai tsawon ƙafa 50 naɗe a gangarsa. Mun zaunar da shi a hancin kwad, bayan garkuwar gaba. Igiyar tana fitowa ta wata 'yar taga mai rola huɗu, biyu a kwance, biyu a tsaye, sannan ta gangara ƙasa ta kama kunnen ƙarfe a kan bututan garma.

Wajen wuta na bi a hankali. Manyan wayoyi biyu daga batir zuwa wani ɗan akwati da ke juya wutar gaba ko baya, wasu biyu daga akwatin zuwa motar winci. Makunnin na ɗaura shi a hannun hagu inda babban yatsa zai kai ba tare da an saki kan kwad ba, na kuma haɗa shi da wayar makulli yadda ba zai yi aiki ba sai an kunna. Duk inda waya ta bi kusa da ƙarfe mai kaifi na saka mata riga na ɗaure.

Na ɗauki bidiyo na tura wa Yayana, makanike ne a Kano, shekararsa talatin yana shiga Ƙofar Ruwa sayen kayan gyara. Bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, amma ya san ƙarfe. Ya turo saƙon murya: "Ƙanena, aikin ya yi tsabta. Sai dai ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Abin da zai fitar da mota daga laka ka sa shi ɗaga buhu guda. Ka kula da yatsanka a kan makunnin nan." Na ce, "To Yaya, zan kula."

Na kwance sandar hannu gaba ɗaya, har mazauninta, na rataye a bango.

Talata, 7 ga Disamba

Zubowa kaɗan, busasshiya. Aikin farko da winci. Kafaɗa ta huta, hannu biyu suna kan tuƙi. Sai dai ya fi sanda jinkiri, kuma babu wannan jin ƙasar. Abu mai wuyar koyo shi ne yawan igiyar da za a saki. Idan ka saki kaɗan garmar tana rataye, ba ta bin tudu da kwarin hanya, sai ta bar dusa a wurare. Idan ka saki da yawa igiyar ta yi sako-sako a kan ganga, ta hau kan 'yar'uwarta, in ka zo ɗagawa ka ji ƙaras. Na ƙirga a raina: bayan garma ta taɓa ƙasa, ƙara danna ɗaya gajere, shi ke nan.

Uwargida ta yi filin gaban gareji ita kaɗai.

Laraba, 29 ga Disamba

Bayan zubowar farkon mako sanyi ya sauko sosai. Ma'aunin da ke jikin tagar kicin ya nuna 31 ƙasa da sifili. Na yi kusan awa guda ina aiki, na kashe kwad a bakin titi don in fasa da shebur tudun da giredan hukuma ta bari a mashigarmu. Da na dawo na murɗa makulli sai ƙyas, ƙyas, fitila ta yi ja ta mutu. Sai da muka jawo mota muka ba shi wuta da waya.

Da dare na zauna na yi tunanin abin. Batir ɗin kwad ƙarami ne, sanyi kuma yana rage masa ƙarfi. Aikin garma duk a hankali ake yinsa, inji ba ya juyawa da sauri, don haka kwayil ba ya samar da wuta mai yawa. A wannan 'yar wutar na ɗora fitilu biyu, da na'urar ɗumama hannu, da winci da ke zuƙa sau saba'in ko tamanin. Abin da yake fita ya fi abin da yake shiga.

Lahadi, 2 ga Janairu 2022

Yaya ya tabbatar da lissafin, ya ce ko a kan ɗan acaɓa haka yake faruwa in ya cika fitilu yana yawo a hankali. Na sayi ƙaramar caja irin wadda ake bari a jone, tana cika batir ta tsaya da kanta. Na fitar da 'yar wayarta ta gefen kujera, duk wanda ya ajiye kwad sai ya jona. Na goge kawunan batir na shafa musu giris. Na kuma daina kashe inji a bakin titi.

Laraba, 19 ga Janairu

Igiya ta tsinke.

Ƙarfe biyar saura minti ashirin, duhu, iskar arewa maso yamma ta sake cike hanya cikin dare. Ina layi na uku, na kai dusa kan tudu, na danna ɗagawa, na ci gaba da dannawa ina waiwaye don komawa baya. Sai na ji motar winci ta canza murya, ta yi nishi, sannan tas! Garma ta faɗi. Da na haska fitilar goshi, ga guntun igiyar yana lilo a jikin ƙugiya, kamar tsawon kamu ɗaya, bakinsa ya tarwatse kamar tsintsiya. Na kai hannu, wani siririn zaren ƙarfe ya huda safar fata ya shige mini yatsa. Ban ji zafi ba sai da na shiga ɗumi.

Garma a ƙasa, ba halin ɗagawa, saura mita 60 a rufe. Na ja kwad da baya garmar tana karta har gareji, na sauko da sandar hannu daga bango. Noti huɗu ne kawai, amma a wannan sanyin sai ka cire safa kafin ka kama noti, yatsu kuma ba sa daɗewa a waje. Minti arba'in ya ci. Uwargida ta fito da shayi a fulas, ta riƙe mini fitila, ta buga waya wurin aiki ta ce za ta makara. Ta makara da minti 35. Ba ta ce mini komai ba, amma na san wata abokiyar aikinta da ta kwana tana aiki ce ta tsaya jiranta, kuma hakan ya dame ni ƙwarai.

Asabar, 22 ga Janairu

Na warware igiyar a ƙasan gareji don in ga abin da ya faru. Daga ƙugiya zuwa kamar kamu biyu ta baje, ta yi lanƙwasa, zaruruwa sun karye a wurare da yawa. Daga nan har ƙarshe, sama da ƙafa 45, sabuwa ce fil, har da man da aka shafa mata a masana'anta. Wato duk wahalar wata biyu ɗan wannan guntun ne ya sha ta.

Dattijon maƙwabci ya zo ya ɗauki guntun ya jujjuya. Ya nuna mini rolar ƙasa, wadda ba ta fi kaurin babban yatsa ba, ga zanen da igiya ta yi mata. Ya ce winci an yi shi ne don ja a miƙe, igiya mai tsawo, sau ɗaya a wani lokaci. A aikin garma kuwa igiyar tana fitowa ta karya kwana ta yi ƙasa a kan siririyar rola, wuri ɗaya yana lanƙwashewa yana miƙewa ɗaruruwan lokuta. Ya ɗauki wata 'yar waya a kan tebur ya yi ta lanƙwasa ta gaba da baya har ta rabu biyu, ya ajiye mini. Sauran kuma laifin yatsa ne: garma ta riga ta kai ƙarshen tashinta ta tokare da garkuwa, ni kuma ina kan dannawa, ƙarfin kilo dubu ya rasa inda zai je sai kan wurin da ya riga ya raunana. Abin da Yaya ya hango ke nan tun Nuwamba.

Ga abin da na sayo, wasu a shagon Princess Auto cikin Winnipeg, wasu a shagon masu kwad. Sabuwar taga mai rola wadda ta ƙasan take da kauri sosai, an yi ta musamman don garma, kwanar ba ta yin tsanani. Gajeriyar igiyar roba mai ƙarfi, mita uku, a madadin ta ƙarfe. Ba ta gajiya da lanƙwasa kamar ƙarfe, ba ta soke hannu, amma kaifi yana yanka ta, shi ya sa ba a ɗora ta a kan tsohuwar rolar da ƙarfe ya karce. Sai fuli guda, wato 'yar taya mai kwari da igiya take zagayawa, da wani dunƙulen roba.

Fulin na ɗaure shi a kan bututan garma. Yanzu igiya tana saukowa daga winci, ta zagaya fuli, ta koma sama ta kama ƙarfen gaban kwad. Nauyin ya rabu gida biyu, rabi a kan winci, rabi a kan ƙarfen. Gudun ɗagawa ma ya ragu da rabi. Da farko na ɗauka wannan hasara ce, sai na ga ita ce ribar: garma tana tashi a hankali, mutum yana da lokacin ɗauke yatsa, kuma ana iya tsayar da ita daidai inda ake so. Dunƙulen robar na ɗaure shi a inda bututu yake haɗuwa da garkuwa, na kuma liƙa jan tef a jikin igiya. Da zarar jan ya iso rola, a saki makunni.

Sandar hannu kuma ba ta koma bango ba. Na bar ta a mazauninta, na cire fil ɗin da ke haɗa ta da garma kawai, na ɗaure shi da zare a jikinta. Na gwada mayarwa da safa a hannu: ƙasa da minti biyu.

Laraba, 2 ga Fabrairu

Daren Litinin ina wurin aiki guguwa ta taso. Zuwa asuba an rufe hanyoyin wajen gari, har da titin da ya kewaye Winnipeg, ba a ganin gaba. Na kwanta a gidan wani ɗan'uwa a birni. Ita ma uwargida ba halin fita ranar Talata.

Da yammacin Talatar, iska ta lafa, ta kira ni ta bidiyo daga gareji. Ta ce, "Abban yara, na cire caja, na kunna, na bar shi ya yi ɗumi. Ta ina zan fara?" Na ce ta karkata garmar zuwa dama ta bi tsakiyar hanya tukuna, kada ta ɗebi cikakken faɗi, rabin garma ya isa inda ya yi tudu. In ya fi ƙarfin kwad ta ɗaga garmar kamar kamu ɗaya ta yanke saman, ta dawo ta kwashe ƙasan. Wannan yankan sama da sandar hannu ba ya yiwuwa da kyau, don matsayinta biyu ne kawai, ko sama ko ƙasa. Da winci da fuli kuwa duk tsayin da kake so za ka samu.

Awa biyu ta yi, yaron yana binta da shebur yana buɗe bakin ƙofofi. Yau da na dawo na tarar da hanya a buɗe tun daga titi, motarta ba ta nan, ta tafi aiki a kan lokaci. Layukan ba su miƙe sosai ba, ta kuma taɓa sandar alama ɗaya. Na tsaya a bakin kwalbati na daɗe ina kallon hanyar kafin in shiga.

Litinin, 21 ga Fabrairu

Yau hutu ne a Manitoba, ranar Louis Riel. Wannan watan kusan kowane mako sai an yi iska mai rufe hanya, tsofaffin yankin ma suna cewa sun daɗe ba su ga dusa irin ta bana ba. Taku ukun da na bari a Nuwamba ya cika tuntuni. Tudun gefe ya kai ƙirjina, hanyar ta tsuke har madubin mota yana gogar bango. Garmar kwad ba ta jefa dusa sama, turawa kawai take yi, kuma ba ta tashi fiye da kamu ɗaya da ɗan wani abu. A nan ko winci ko sanda duk ɗaya ne.

Dattijo ya shigo da tarakta mai injin feso dusa a baya, cikin minti 25 ya mayar da bangon biyu baya. Ya ƙi karɓar kuɗin mai. Uwargida ta aika masa da dambun nama da cincin.

Asabar, 12 ga Maris

Na duba igiyar roba. Ta ɗan yi gashi-gashi inda take bin rola, amma ba zaren da ya yanke. Matsala ɗaya na gani: ranar da aka ɗan yi rana ta jiƙe, da dare ta daskare a kan ganga ta yi tauri. Yanzu kafin a fara aiki sai a sake ta a mayar sau biyu ba nauyi. Na juya bakin garma, gefen da ya cinye ya koma sama. Na ɗaure notin faranti biyu da suka saki.

Alhamis, 14 ga Afrilu

Mun ɗauka an gama. Azumi ya kama tun farkon wata, ƙasa ta fara bayyana, har na yi niyyar kwance garma ranar Asabar da ta wuce, aiki ya hana. Sai ga sanarwar babbar guguwa daga wajen jihar Colorado ta Amurka. An rufe manyan hanyoyin kudancin Manitoba tun daren Talata, an rufe makarantun Winnipeg, abin da rabon a yi saboda dusa tun 1997. Mutanen nan ba sa manta waccan shekarar, don guguwar Afrilu ce ta zo kafin babbar ambaliyar kogin Red.

Wannan dusar irin ta Nuwamba ce, jiƙaƙƙiya, mai nauyi, ga shi daɓen ƙanƙarar da muke aiki a kai ya narke, tsakuwa ta yi laushi. Na ƙara washa biyu a kowane takalmi, duk da haka takalman suna nutsewa. Dabarar da ta yi aiki ita ce in bar garmar a ɗan rataye a jikin igiya, yatsa biyu sama da ƙasa, kada ta zauna da nauyinta. Na fesa wa fuskar garma man silikon don rage mannewa, ya taimaka na ɗan lokaci.

Na tsara aikin da azumi. Zagaye ɗaya bayan sahur da sallar asuba, ina da ƙarfi. Ɗaya gajere da azahar. Babban kuma bayan shan ruwa, wanda a nan yanzu sai an wuce takwas na dare. Jiya da azahar ina kan kwad na tuna daren 11 ga Nuwamba, da ɗagawa 74 da hannu. Da baki a bushe ban ga yadda zan yi ta ba. A zagayen dare fitila ta fara rawa duk lokacin da na danna winci, alamar batir ya yi ƙasa. Ban jira ya mutu ba. Na kashe ɗumama hannu, na saki igiya, na saka fil ɗin sanda, na ƙarasa layi shidan da suka rage da hannu, injin yana ta cika batir. Da na gama na mayar da shi caja.

Asabar, 7 ga Mayu

An yi sallah ranar Litinin. Ramukan gefen titi cike suke da ruwa har bakin kwalbati, gonakin maƙwabta sun zama tafki, ana ta maganar ambaliya a garuruwan kudu. Mu dai ruwa bai hau hanyarmu ba, alhamdu lillahi.

Yau muka kwance garma. Na wanke ta, na kankare tsatsa, na shafa fenti a inda ya goge, na sa giris a fil da sifirin, na ɗora ta a kan katako biyu. Igiyar roba na cire na wanke da ruwa don yashi yana cin ta daga ciki, na shanya, na sa a jaka tare da fuli. Na sayi sabuwar doguwar igiya na naɗa wa winci don aikin bazara, akwai kututture uku da zan ja a bayan gida. Sandar hannu tana nan a mazauninta.

Yaron ya kwashe tsakuwar da ta shiga ciyawa da manjagara, baro huɗu ya samu, kusan duk daga guguwar Afrilu. Abin da na rubuta a jikin bangon gareji don Oktoba: igiyar roba ta biyu a ajiye, sabon batir, sarƙar ƙafafun baya, da shingen tare dusa a gefen arewa maso yamma, wanda dattijo ya ce zai zo ya nuna mini nisan da za a kafa shi daga hanya.